SHARHI: Bahagon mawaƙin Agadas, kukan namu ne amma rangadin na Amurka

A ranar 28 ga Fabrairun 2025 ne kamfanin Matador Records na birnin New York ya fitar da sabon kundin waƙoƙin Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawan Nijar mazaunin Agadas. Sunan kundin Tears of Injustice, ma'ana hawayen zalunci. Tagwaye ne da wanda ya fitar ranar 3 ga Mayun 2024, Funeral for Justice, wato jana'izar adalci. Kusan waƙoƙin duk ɗaya ne. Bambancin shi ne na 2024 da jitar lantarki aka yi shi, mai ƙara kamar saukar aradu, na 2025 kuwa da jitar katako da kiɗan hannu, a tsanake. Kowane kundi ya zo da rangadinsa, kuma kamar kullum biranen Amurka da na Turai ne suka sha kiɗa.

A nan Ekoudou, wato Briqueterie, ko Brik kamar yadda yaranmu ke taƙaitawa, labarin ya wuce shiru kamar ba a yi ba. Ka bi layin masu tsire da daddare, ko ka leƙa shagunan teloli, abin da za ka ji yana tashi a sifika bai wuce Hamisu Breaker ko Ado Gwanja, ko mbole na samarin Yawunde. Alhali unguwar nan cike take da 'yan Nijar, daga masu shayi har masu kilishi. Mutumin da jaridun Amurka ke sa sunansa cikin gwanayen jita na wannan zamani, a unguwar Hausawan babban birnin Kamaru sai ka yi ta kwatance kafin a gane wanda kake nufi.

Yana da sauƙi a ce ai waƙar Turawa yake yi, a wuce wurin. Amma da harshen Tamashek yake rera waƙoƙinsa, kuma abin da ke cikinsu talauci ne, da mulkin mallaka, da harshen uwa da ke mutuwa a bakin yara. Duk namu ne. Abin da ya faru shi ne kasuwar waƙa, can da nan, ta ginu ta yadda mai iya biyan kuɗin waƙar ba ya jin abin da take faɗa, wanda ake yi wa kukan kuma ba shi da hanyar biya.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. An haife shi a jihar Tawa a tsakiyar shekarun 1980, a gidan da ba a yarda da kiɗa ba saboda addini. Da ya ga Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jita na Abzinawan Nijar, yana wasa, sai ya koma gida ya sassaƙa tasa jitar da katako, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa. Bahaushe kuwa in ya kira mutum bahago, sau da yawa ba hannun kaɗai yake nufi ba, har da halin ƙin bin hanyar da kowa ya bi. Duka biyun sun hau kansa. Kamar dubban samarin yankinsa, shi ma ya yi zaman ci-rani a Libiya kafin ya dawo ya rungumi jita.

Shi wannan kiɗan jitar Sahara da Tinariwen na Mali suka yi wa suna a duniya, har suka ci kyautar Grammy a 2012, asalinsa kiɗan marasa aiki ne. Ana ce wa masu yinsa ishumar, daga kalmar Faransancin nan da duk ɗan Brik ya sani, shomer. Samari ne da farin shekarun 1970 da 1980 ya kashe wa dabbobi, suka watsu Aljeriya da Libiya neman abin sawa a baki. Mdou ya gaji wannan kiɗa, amma bai tsaya inda magabatansa suka tsaya ba.

A 2008 ya tsallako Sakkwato ya shiga situdiyo. Lokacin nan kiɗan fiyano na waƙoƙin fim, wanda ake kira nanaye, shi ke tashe a ƙasar Hausa, tare da na'urar nan mai lanƙwasa murya ta mayar da ita kamar ta aljana. Sai ya ɗauki waƙoƙin Tamashek ya zuba su cikin wannan tukunya. Abin da ya fito shi ne kundinsa na farko, Anar. Wato dai tushen shahararsa a situdiyon Hausawa aka dasa shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mu san da zamansa.

Da farko Anar bai fita a faifai ba, babu kamfani, babu talla. Daga waya zuwa waya ya bi, ta memori da bulutut, ya ratsa Nijar ya shiga Mali. Wanda ya yi ƙuruciya a shekarun nan ya san yadda abin yake: ka kai wayarka wurin mai turi a bakin kasuwa, ya cika maka ita da waƙoƙin da kai da shi duk ba ku san wanda ya rera su ba. A haka wani Ba'amurke ɗan birnin Portland, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙar Tahoultine cikin wayoyin mutane a arewacin Mali. Ya sa ta a wani kundi na waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita. Daga nan ƙofa ta buɗe.

A 2015 su biyun suka yi wani abu da sai bahago. Suka ɗauki fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince, wanda ya fito a 1984, suka sāke shi a titunan Agadas, Mdou na yawo kan babur da rawaninsa. Ana lissafa shi a matsayin dogon fim na farko da harshen Tamashek. Da aka zo sa masa suna sai aka tarar harshen ba shi da kalma guda ta wannan launi, don haka aka kira shi Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wato ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Mu kam muna da kalmar, shunayya, sai dai ka tara yaran Brik goma ka nuna musu launin, ka ji ko akwai wanda ba zai ce maka violet ba.

Bayan nan sai kundi ya riƙa bin kundi. Ilana a 2019, wanda aka naɗa a birnin Detroit, sai Afrique Victime a 2021, na farko a ƙarƙashin Matador, wanda ya kai shi sahun manya. Ƙungiyar ta tsaya a mutum huɗu: shi, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, sai Mikey Coltun, Ba'amurke, mai jitar ƙasa wanda kuma shi ke haɗa sautin.

Shi wannan sabon kundi juyin mulki ne ya haife shi. Ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a fadarsa, daga bisani Janar Abdourahamane Tiani ya hau, su Mdou suna tsakiyar rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki, aka rufe sararin sama, ECOWAS ta fara barazanar yaƙi, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar. 'Yan Nijar uku na ƙungiyar suka maƙale a ƙasar mutane, iyalansu na can gida. Sai da aka buɗe asusun neman taimako a GoFundMe domin kuɗin masauki da abinci. Ka duba fa, ƙungiyar da ke cika zaure a manyan birane, jirgi ya ƙi tashi na 'yan makonni sai ga ta tana neman gudummawa. Wannan kaɗai ya nuna maka yadda ribar rangadi take da ƙaranci ko a can ɗin.

A cikin wannan zaman jira ne suka shiga wani situdiyo a unguwar Brooklyn, suka zauna ɗaki ɗaya, suka sāke waƙoƙin Funeral for Justice ba tare da lantarki ba. Da hanya ta buɗe suka koma gida, Madassane ya tafi da ƙaramar na'urar naɗar murya, ya tara Abzinawa a Nijar suka yi amshi, aka haɗa da abin da aka naɗa a New York.

A nawa kunnen, na 2025 ya fi. Na 2024 fushi ne tsagwaronsa, jitar tana kururuwa, gangar tana gudu kamar doki ya ƙwace linzami, kuma an yi shi ne domin manyan filaye. Na 2025 kuwa muryar mutum ce ke gaba. Ko ba ka jin Tamashek za ka gane cewa wanda ke rerawa hankalinsa ba a ɗakin yake ba. Bahaushen da ya tashi da jin gurmi da garaya da kuntigi ba zai ji baƙunta a ciki ba: jagora ya ba da baiti, 'yan amshi su karɓa, kiɗan ya yi ta zagayawa wuri ɗaya har ya kama ka. Da wannan kundi aka fara kawo mana, ina jin da tuni ya shiga wayoyin masu shayi. Aibinsa ɗaya, waƙoƙin ba sababbi ba ne, kuma wanda ya sayi na 2024 yana da damar yin ƙorafi cewa an sayar masa da tuwo ɗaya a kwano biyu.

To me waƙoƙin ke cewa? Akwai guda mai suna Oh France, sunan ma ya isa bayani. Mawaƙin ya daɗe yana sukar Faransa kan yuraniyom ɗin Arlit, wanda ake haƙa tun 1971, aka daɗe ana kunna fitilun Turai da shi, alhali har yau kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar. Abin lura shi ne an gama naɗar waƙoƙin Funeral for Justice kafin juyin mulki. Kafin Tears of Injustice ya iso kasuwa, duniyar da aka rubuta waƙoƙin a cikinta ta juye: sojojin Faransa sun fice a Disambar 2023, na Amurka sun bar sansanin jiragensu marasa matuƙi na Agadas a Agustan 2024, gwamnatin Yamai ta karɓe lasisin Imouraren daga kamfanin Orano a Yunin 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun kammala ficewa daga ECOWAS a ƙarshen Janairun 2025.

Saboda haka wasu ke ɗaukarsa mawaƙin sojoji. Shi kuwa ya fito fili ya ce bai goyi bayan juyin mulkin ba, kamar yadda bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba, kuma ba mutanen Faransa ko na Amurka yake ƙi ba, manufofin gwamnatocinsu ne. A muhawarar da ake tafkawa a majalisun shayi na Brik tun 2023, inda dole sai ka zama ko ɗan Faransa ko ɗan Tiani, irin wannan matsayi ba shi da kujera. Ni kuwa ina ganin shi ne ya fi kusa da gaskiyar talakan Arlit, wanda ficewar baƙin sojoji ba ta kawo masa ruwan famfo ba tukuna.

Yanzu mu zo kan rangadin, domin nan ne gizo ke saƙar.

A yau kundi ba ya ciyar da mawaƙi. Abin da manhajoji irin su Spotify ke biya a kan sauraro ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na dalar Amurka ba, kuma kafin ya iso hannun mawaƙi kamfani ya cire nasa. Kundin ya koma kamar sanƙira, shi ke shela a fito kallo, kuɗin kuwa a bakin ƙofa suke, da riguna da faifan da ake sayarwa bayan wasa. Don haka mai tsara rangadi ba ya tambayar ina ne waƙar ta fi taɓa zuciya. Tambayarsa ita ce ina ne mutum 1,000 za su sayi tikiti tun watanni kafin ranar.

A Afrilun 2024 Mdou ya yi wasa a bikin Coachella na jihar Kalifoniya. Tikitin shiga mafi arha na kwana ukun ya kai kusan dalar Amurka 500, wajen sefa 300,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2023 a kamfanoni masu zaman kansu waɗanda ba na noma ba a Kamaru sefa 60,000 ne. Wato albashin wata biyar. Gaskiya ne Coachella taron mawaƙa da yawa ne, kuma wasanninsa na ƙananan zaure ba su kai kusa da haka ba, amma ko tikitin dala 30 ya kusa kashi ɗaya cikin uku na wancan albashi.

Kuma shiga Amurkar ba banza ba ne. Daga 1 ga Afrilun 2024 hukumar shige da ficen ƙasar ta ɗaga kuɗin takardar neman izinin wasa ga mawaƙan waje daga dala 460 zuwa abin da kan haura dala 1,600. Duk da haka lissafin ya fi fita a can. Ka kwatanta da kawo mutum huɗu da kayansu Yawunde. Daga Yamai sai jirgi ya bi da kai ta Lome ko Abijan. Ta ƙasa kuwa daga Agadas sai Damagaram, sai Kano, sai ka ratso zuwa Garwa da Ngaundere ka kwana a jirgin ƙasa, kuma iyakar Nijar da Najeriya a rufe ta kasance daga Agustan 2023 har Maris ɗin 2024. In an gama wasa an biya ka, sefar da ke hannunka ta BEAC ce, ba ta BCEAO ba. Darajarsu ɗaya, 655.957 a kan yuro guda, amma ba ka sayen ko goro da ita a kasuwar Agadas sai ka bi ta wurin ɗan canji ya ci nasa. Duk ɗan Nijar da ke aika kuɗi gida daga Brik ya san wannan ciwo.

Sai maganar wurin wasa. Babban zauren wasanni na Warda, wanda ke nan bakin unguwarmu, ya fi ƙarfin mawaƙin da ba a sani ba. Wuraren da suka saba kawo irin waɗannan mawaƙa na Sahel, masu kayan sauti na kirki da kasafin biyan jirgi, su ne cibiyar al'adun Faransa da ke tsakiyar gari da ta Jamus. Ka ga abin dariya: mutumin da ya yi Oh France, in har zai zo Yawunde, zai fi yiwuwa Faransa ce za ta biya masa kuɗin jirgi.

Amma kar mu ɗora komai a kan Turawa da tsadar jirgi, domin mawaƙan Kano da Kaduna suna zuwa mana, suna kuma komawa da aljihu cike. Yaya suke yi? Wani ɗan kasuwa ne ke ɗauko su wasan Sallah ko bikin 'yarsa. Kuɗin ƙofa ba shi ne abin dogaro ba. Liƙi ne. Mawaƙi ya hau, ɗan ma'abba ya raɗa masa sunayen manyan da ke wurin, ya kama Alhaji wane ya wasa shi tun daga kakanni, Alhaji ya taso da bandir ɗin sababbin takardu, kishiyarsa a kasuwa ta gani ta ce ba za a fi ta ba. Tsari ne tsoho, yana aiki, ya ciyar da makaɗa tun zamanin fada. Sai dai yabo yake saye. Waƙar da ke cewa an danne talaka, ba ta ambaci sunan kowa ba, wa zai tashi ya liƙa mata? Wanda ta yi wa daɗi ba shi da abin liƙawa, mai abin liƙawa kuwa wataƙila da shi ake.

Waɗanda suka gwada waƙar koke a wannan yanki sun ga abin da ya biyo baya. A Kano an tsare Aminu Ala a 2009 bisa zargin fitar da waƙa ba tare da hukumar tace fina-finai ta duba ba. A nan gida Lapiro de Mbanga ya yi Constitution constipée a 2008, lokacin da ake shirin cire wa'adin shugaban ƙasa daga tsarin mulki. Aka ɗaure shi shekara uku bisa tuhumar hannu a tarzomar Fabrairun shekarar, ya fito a 2011, ya samu mafaka a Amurka, a can ya rasu a 2014. Shi ma dai ƙarshenta Amurka. Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, ya yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa da kuntiginsa ya kuma ci abinci da ita, amma a zamaninsa akwai gidajen rediyon gwamnati da kamfanonin faifai da ke ɗaukar irin wannan. Yau babu su a wannan matsayi.

Don a yi masa adalci, Mdou bai yi ƙaura ba. In ya dawo daga rangadi yana kaɗa jita a bukukuwan aure a Agadas da ƙauyuka, a fili, da janareta, kowa ya zo ya kalla. Wasu daga cikin irin waɗannan wasanni ma an tattara su an fitar a 2022 da sunan Niger EP. An kuma san shi da haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da ke fama da ƙishi. Ma'ana dalar Kalifoniya ce ke ɗaukar nauyin kiɗan Agadas. Dabara ce mai kyau ga mutum ɗaya, amma igiyarta na hannun wasu. Ranar da ofishin jakadanci ya hana biza, ko masu sauraron can suka gaji da kiɗan Sahara suka koma wani yayi, shi ke nan. Kuma mu da ke Yawunde, ko Kumasi, ko Kano, ba ma cikin lissafin ko ta wane ɓangare: ba mu da dalar, ba mu kuma kusa da filin bikin.

Na san akwai mai cewa malamin makaranta me ya kai shi zancen kiɗa. Saɓanin malamai kan kayan kiɗa tsoho ne, ba a shafin jarida za a raba shi ba, kuma wanda ya kauce wa sauraro saboda tsoron Allah ba ni da ta cewa a kansa. Abin da ya ja ni waƙa ɗaya ce a cikin kundin, Imouhar, wadda kira ne ga Abzinawa su riƙe harshensu. Mawaƙin ya sha faɗa a hirarraki cewa mutanensa sun koma Faransanci, kuma masu iya rubuta Tamashek da haruffansa na Tifinag sun yi ƙaranci a cikin tsararsa.

Wannan kuka ba baƙo ba ne a Kamaru. Sarkin Bamun Ibrahim Njoya ya ƙirƙiro wa mutanensa rubutu tun wajen 1896, ya buɗe makarantu a Fumban, Faransawa suka rushe aikin suka kawo shi nan Yawunde, inda ya rasu a 1933. Yau masu karanta rubutun nasa tsiraru ne. Mu ma kakanninmu da suka kafa wannan unguwa da ajami suke rubuta wasiƙa da lissafin bashi. Jikokinsu fa? A ajin da nake koyarwa, yaro sunansa Bahaushe, uwarsa da ubansa Hausawa, amma ka ce ya ba ka labarin abin da ya ci jiya da Hausa zalla, kafin ya kai jimla ta uku ya faɗa Faransanci ko kamfarangile. Yana jin Hausa sarai, yana kallon finafinan Kano a waya, amma bai taɓa ganin an rubuta ƙ ko ɗ a allon aji ba. Dokar ilimi ta 1998 ta yi maganar bunƙasa harsunan ƙasa, an kuma buɗe sashen harsuna da al'adun Kamaru a babbar makarantar horon malamai ta Yawunde a 2008. A ƙasa mai harsuna sama da 200, kafin layi ya zo kan Hausar Brik akwai jira.

Sai dai akwai wani juyi da ya kamata mu haɗiye, ko da ɗaci. A ƙarshen Maris ɗin 2025, wata guda bayan fitar kundin, gwamnatin Yamai ta ƙaddamar da sabon kundin tafiyar da ƙasa wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki, Tamashek da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da sauransu aka jera su a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar. Mun yi murna a nan, an yi ta tura saƙon a WhatsApp, kuma murnar tana da dalili. Amma ka tsaya a matsayin Ba'abzine na minti ɗaya. A kasuwar Agadas da Hausa ake ciniki tun ba yau ba. Yaron da ya bar daji ya shigo gari, kafin Faransanci ya kama shi Hausa ta riga ta kama shi. Abin da Faransanci ke yi wa ɗan Brik, kusan shi Hausa ke yi wa ɗan Abalak. Laifi tudu ne, in ji masu magana. Idan muna son a ba yaranmu awa biyu na Hausa a makarantun Yawunde, da wane baki za mu yi shiru in aka bar Tamashek a bakin ƙofar aji a Tawa?

Shi ya sa nake ganin rashin isowar wannan kundi wurinmu asara ce tamu fiye da ta mawaƙin. Shi yana da masu sauraronsa. Mu ne muke tafka muhawara kan Faransa da Sahel dare da rana, daga bidiyoyin da ba mu san wanda ya haɗa su ba, alhali ga ɗan yankin da yuraniyom ke fita yana magana da bakinsa, ba mu ji ba.

Ban ga alamar rangadin zai biyo ta Warda ba. Hanyar da ta fara fitar da shi kuwa tana nan, sai ma faɗi da ta ƙara: abin da memori ke yi a 2008 yanzu WhatsApp da TikTok ke yinsa cikin daƙiƙa. Abin da ya rage shi ne ma'ana. Bayanin waƙoƙin da ke yawo a intanet da Ingilishi yake, domin masu sayen tikiti aka yi shi. A Brik kuwa akwai mutanen Agadas da na Tawa, masu gadi da masu shayi da masu sayar da azurfa, waɗanda Tamashek da Hausa duk a bakinsu suke. Waƙoƙin ba su kai goma ba. Mutum biyu daga cikinsu, da wani mai iya rubutu, da butar shayi, kafin a kira isha'i sun mayar da rabinsu Hausa.